Giyoyin da Muka Sauke a Banza

Shekarar da aka cire Jihar Katsina daga cikin tsohuwar Kaduna, wato 1987, mahaifina ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Kurfi ya kawo ni Dutsin-Ma, ya damƙa ni ga wani bakanike amininsa. Maganar da ya yi gajera ce: “Malam, ga ɗanka nan, a koya masa abin da zai ci abinci.” Garejin ba wani gini ba ne. Inuwar bedi ce guda biyu, da rami ɗaya da aka ɗaure bakinsa da bulo, da akwatin ƙarfe na sufanu wanda makullinsa ba ya barin aljihun maigida. A nan na yi shekara bakwai ina wankin boris da fetur, ina miƙa sufana, ina kwanciya ƙarƙashin mota, kafin a yaye ni.

Duniyarmu a lokacin ta Peugeot ce, wadda kowa ke kira Fijo. Tun 1975 masana'antar PAN ta Kaduna ke harhaɗa ta, kuma ita ce motar gwamnati, ita ce ta attajirai, ita ce ta haya. Ranar Laraba, idan kasuwar Dutsin-Ma ta ci, sai ka ga akori-kura 404 sun jeru daga Safana da Kurfi da 'Yantumaki, an labta musu buhuna har sifirin ya miƙe, ga 504 doguwa tana jigilar mutane zuwa Katsina. Giyarsu duk ta hannu ce. Idan ta yi ciwo, ciwon a fili yake: ko haƙori ya karye, ko boris ya ci, ko kuloci ya ƙare. Maigidana yakan ɗora bakin dogon sukudireba a jikin giyabos, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a kwance wuri kaza. Da wuya ka kwance ka tarar ba haka ba ne. Allah ya ji ƙansa, ban sake ganin mai kunne irin nasa ba.

Otomatik kuwa baƙuwa ce. Sai jifa-jifa kake ganin Marsandin wani Alhaji mai irin wannan giya, kuma idan ta samu matsala ba ma taɓa ta, Kano ko Kaduna ake kai ta. Maigida bai ƙi jininta don jahilci ba, yana da hujja. Mota ce da ba a tura ta ta tashi, a garin da rabin motocinsa sai da turi suke tashi da safe saboda raunin batir. Ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa, domin famfon man giyar sai inji na aiki yake juyawa. Kuma idan ka buɗe cikinta, abin da za ka tarar faranti ne na alminiyam mai hanyoyi birjik kamar gidan tururuwa, da ƙananan ƙwallaye waɗanda idan ɗaya ta faɗi cikin yashi ka shiga uku.

Abin da ya kawo mana otomatik ƙofar gida karyewar naira ce. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwar motocin hannu ta buɗe, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. A sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a koro su ta Malanbil da Gaya da Doso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, su faɗo ta Ɗan Isa da Jibiya. Daga Jibiya zuwa nan kuwa ba nisa. Na farko-farkon daga Turai suke, su Golf da Opel da Marsandi, kuma yawancinsu na hannu ne, don haka ba mu ji a jikinmu ba. Da motocin Amurka suka fara kwararowa ne labari ya sauya. Honda ta fara ƙera Accord a jihar Ohio tun 1982, Toyota na ƙera Camry a Kentucky tun 1988, kuma mutanen can ba su cika sayen giyar hannu ba. Abin da suka gama hawa shi ya zo mana: Honda Hala, sai Henesi, sai wadda ake cewa EOD, ga Camry Orobo da ƙannenta. Kafin mu ankara, rabin motocin da ke shigowa gareji ba su da fedar kuloci.

A nan ne muka yi babban kuskure, kuma mun daɗe ba mu gane ba. Mun ɗauka otomatik ɗin da ta zo mana irin ta Marsandin Alhaji ce ta dā. Ashe an riga an sauya mata ciki.

A tsohuwar otomatik, tun daga Hydra-Matic da kamfanin General Motors ya fara sa wa Oldsmobile ta 1940, man giya ne kaɗai ke yanke hukunci. Akwai wani ƙarfe mai juyawa da ake kira gwamna, wanda ke ƙara wa mai ƙarfi gwargwadon gudun mota. Akwai kuma waya daga totur mai nuna yadda direba ya taka. Ƙarfin nan biyu suna turereniya a kan bawul guda, wanda ya rinjayi wani shi ke sa giya ta hau ko ta sauka. Babu lantarki a cikin lissafin. Daga farkon shekarun 1980 kamfanoni suka fara cire gwamna, suka sa sensa mai ƙidaya gudu, suka sa 'yar kwamfuta wadda mu muke kira birenbos, sannan suka sa solonoyid ya zama ɗan aike tsakanin lantarki da mai.

Shi solonoyid bai wuce tsawon babban yatsa ba. Siririyar wayar tagulla ce aka naɗe kewaye da ɗan ƙarfe mai motsi. Idan birenbos ya turo masa wuta, naɗin ya zama maganaɗisu, ya ja ƙarfen, wata 'yar ƙofa ta buɗe ko ta rufe. Man da ya bi ta ƙofar ya tura bawul, bawul ya aika mai ga kulocin giyar da ake so. Shi ke nan aikinsa. A Camry Orobo mai silinda huɗu, guda biyu ne kacal ke raba giya huɗu: na farko a kunne na biyu a kashe, giya ta ɗaya ke nan, duka biyu a kunne, ta biyu, na farko a kashe na biyu a kunne, ta uku, duka a kashe, ta huɗu. Wanda ya haddace wannan, ya kuma zauna kusa da direba ya ƙidaya giyar da ta shiga da wadda ta tsallake, ya riga ya san inda zai duba tun bai ɗauki sufana ba. Mu ba mu san da shi ba, babu kuma wanda ya gaya mana.

Ba na mantawa da Hala ta farko da ta faɗo hannuna bayan na buɗe nawa wurin. Ta wani malamin makaranta ce daga Kurfi, ya tara kuɗinta da adashi. Ya ce da safe ta ƙi sauya giya, tana tashi da nauyi kamar an ɗaure ta a turke, ga wata fitila tana ƙyaftawa a dashbod. Na saurara da kunne yadda aka koya mini, ban ji komai ba. Na ce masa giya ta mutu. Ya ci bashi, muka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo wata, muka kwana biyu muna sauke tsohuwa muna ɗora sabuwa. Muka tayar da mota, fitila ta ci gaba da ƙyaftawa, giya ta ci gaba da maƙalewa. Bawan Allah nan bai ɗaga mini murya ba. Ya dube ni ya ce, “Oga, to yanzu ina muka dosa?” Har yau idan na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina.

Wani mai wayarin, irin waɗanda ake kira riwaya, wanda ya yi zaman Kano, shi ya fitar da ni. Ya durƙusa ta gefen fasinja, ya lalubo wani ɗan soket mai baki biyu a ƙarƙashin dashbod, ya haɗa bakunan da guntuwar waya, ya murɗa makulli, ya ce in ƙidaya. Fitilar ta ƙyafta sau takwas, ta tsaya, ta sake takwas. Ya ce a Honda bakwai na nufin solonoyid na farko, takwas na biyu. Muka bi wayar, muka tarar ta goga da ƙarfe ta yanke, taƙi ɗaya kafin soket. Ya ɗaure ta da dalma. Mota ta shiga giyarta huɗu sumul. Tsohuwar giyar da na sauke lafiyarta ƙalau. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kuɗin malamin makaranta ne ya tafi. Na biya shi rabi a hankali, ya yafe sauran.

Daga ranar na fahimci cewa motocin nan suna faɗin ciwonsu, mu ne ba mu jin yarensu. Toyota ma haka take: ka buɗe ɗan akwatin gwaji a cikin bonet, ka haɗa bakunan TE1 da E1, fitilar O/D OFF ta ƙyafta maka lamba. 62 solonoyid na ɗaya, 63 na biyu, 64 na kulle konbatar da ke tsakanin inji da giya, 42 sensar gudu. Na rubuta waɗannan a bayan kwalin filogi na manna a cikin akwatin sufanu, kuma sun ciyar da ni shekaru. Hala tana da wani ciwon nata daban wanda ya wahalar da mutane da yawa: ƙananan kafasito na cikin birenbos ɗin giya sukan tsiyaye su cinye allon, sai mota ta nuna duk alamun mutuwar solonoyid alhali shi lafiya lau yake. Masu gyaran rediyo ne suka riƙa ceto mu a wannan.

Amma mu nawa ne muka sani? Abin da ya yaɗu a garejojin Dutsin-Ma da Kurfi da Katsina a shekarun nan hanya biyu ce. Ta farko, a mayar da mota ta hannu: a nemo giyabos na hannu da feda da filawil, a huda, a ɗaure. Direbobin haya sun so haka, kuma ban ga laifinsu ba, domin mai neman na cefane a hanyar Kankara ba ya son abin da bakaniken ƙauye ba zai iya taɓawa ba. Ta biyu ita ce ta fi ci mini rai. Da mota ta yi tari kaɗan sai a ce a sauke giya a ɗora ta Beljiyam. A lokacin kayan suna da araha, Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas a cike suke, bakanike yana da ladan aiki, wani lokaci yana da ɗan kamasho a wurin mai kaya. Babu mai tambayar abin da ya kashe ta farkon. Na sha ganin giyabos uku ko huɗu a jibge bayan gareji suna jiran 'yan gwangwan, kuma na tabbata da an gwada su da mita, da yawansu sun koma kan titi.

Sai maganar mai, wadda ita ce ta kashe solonoyid fiye da tsufa. Mun taso da cewa jan mai jan mai ne. Ba haka ba ne. Honda tana da nata, ATF-Z1 a dā, yanzu DW-1. Toyota ta tashi daga Dexron ta koma T-IV, ta koma WS. Giyar CVT ta Nissan da ƙananan motocin yanzu, idan ka zuba mata jan man da aka saba, ka gama da ita. Na taɓa buɗe kwanon ƙasa na tarar an ɗura man giyar hannu mai kauri, wai don ta daina zamewa. Ga kuma zafinmu. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura 40, motar da aka ƙera don sanyin Ohio tana ɗauke da mutum bakwai da buhun gero, fankar lagireto ta mutu ba a gyara ba. Man ya dahu, faiba, wato farantan kulocin cikin giya, ta fara zubar da gari, garin ya bi mai ya toshe 'yar ragar da ke bakin solonoyid. A nan solonoyid ya zama wanda aka zalunta. Idan ka sauya shi ka bar man da ya kashe shi, wata biyu ya yi yawa mota za ta dawo.

A Amurka, tun daga motocin 1996 doka ta wajabta tsarin OBD-II: soket guda mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, da lambobi iri ɗaya ga kowane kamfani. Turai ta bi sahu da motocin fetur a 2001. Soket ɗin ya shekara da shekaru yana shigowa garejojinmu ba mu san amfaninsa ba. Sai can aka fara jin cewa a Kano da Kaduna ana “sa wa mota kwamfuta”, daga baya abin ya iso Katsina. Nan Dutsin-Ma, abin da ya tilasta mana shi ne buɗe Jami'ar Tarayya a 2011. Malamai da ma'aikata suka zo daga ko'ina da Corolla da Camry da Accord da Sienna, cikinsu har da mata masu tuƙa kansu, kuma mutane ne masu tambaya. Ka ce giya ta mutu, a ce maka, “Malam, wace lamba ta nuna?” Na sayi sikana ta farko, wato na'urar karanta lambobin nan, ne saboda kunyar wannan tambaya. Yaron da ya koya mini sarrafa ta ɗan wurina ne, wanda ni na koya masa riƙe sufana. Karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma ban ji ƙyashi ba.

Sai dai na'urar ta zo da nata makanta. Yanzu yaro zai sayi ɗan ELM327 mai haɗuwa da wayar hannu, ya soka, ya ga P0750, ya karanta sunan solonoyid, ya ce a sayo. Dā muna sauke giya duka a kan zato, yanzu ana sauya solonoyid a kan zato. Lambar ba ta ce solonoyid ya mutu ba. Cewa ta yi birenbos ya ga abin da bai gamsu da shi ba a wannan layi. P0753 da P0758 suna magana ne a kan lantarki, kuma layin ya haɗa da waya da soket da birenbos kansa. P0751 da P0756 suna cewa an ba da umarni amma giyar da ta shiga ba ita aka nema ba, wanda zai iya zama solonoyid ya maƙale, ko bawul ya cije, ko mai ya yi ƙasa, ko faiba ta ƙare. P0700 kuwa ba ta faɗi komai ba illa cewa birenbos ɗin giya yana da magana, je ka tambaye shi, kuma yawancin ƙananan na'urorin nan ba sa iya shiga wurinsa.

Yadda nake yi yanzu, kuma yadda nake tilasta wa yarana, ba ya farawa da na'ura. Da tambaya yake farawa. Yaushe take yi, da sanyin safiya ko sai ta yi zafi? An wanke inji kwanan nan? An sauya batir ko lagireto? Ta kwana kusa da rumbu ko shagon hatsi? Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce, ɓeraye sun cinye wayoyin giya a garin nan fiye da yadda ake zato. Daga nan sai mai. Toyota ana duba ta inji na aiki kuma ta yi zafi, Honda kuwa sai an kashe inji a duba nan take, kuma rashin sanin wannan bambanci kaɗai ya sa an cika wa motoci mai fiye da kima. Lafiyayyen mai launin zoɓo gare shi. Idan ya yi baƙi yana warin ƙanzo, faiba ta ƙone. Idan ya koma kamar shayi mai madara, ruwan lagireto ya shiga, kuma babu solonoyid ɗin da zai gyara wannan. Sai batir da caji da wayar ƙasa, domin wuta mai rauni kan sa birenbos ya rikice ya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Bayan haka ne nake karanta lamba, in rubuta ta, in goge, in hau mota in ga ko za ta dawo. Idan ta lantarki ce, sai mita. Solonoyid na kunnawa da kashewa a Toyota yakan nuna om 11 zuwa 15, na Honda 12 zuwa 25, masu daidaita ƙarfin mai kuma wajen 5. Idan mita ta nuna babu hanya, naɗin ya yanke. Idan ta faɗi kusa da sifiri, ya haɗe. Amma ina aunawa sau biyu, a bakin giya da kuma daga can soket ɗin birenbos, domin bambancin da ke tsakani shi ne wayar, kuma darasin da Halar malamin Kurfi ta koya mini ke nan. Ina kuma aunawa da zafi, saboda akwai naɗin da ke nuna lafiya da safe ya yanke bayan tafiyar rabin awa, wanda mai mota zai ce maka daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi lafiya, daga Kurfi zuwa Katsina ne take birkicewa. Na kunnawa da kashewa ana iya taɓa masa wutar batir a ji ya yi ƙas, a hura masa iska a ga ko yana rufewa da kyau. Mai daidaita ƙarfin mai ba a barin wuta a kansa, zai ƙone.

Tsoffin Toyota suna da wani gwaji da nake ƙauna don sauƙinsa. Ka cire soket ɗin solonoyid gaba ɗaya, ka sami hanya marar cunkoso, ka ja da hannu. A L ta ba ka giya ta ɗaya, a 2 ta ba ka ta uku, a D ta ba ka ta huɗu. Idan ta yi haka ba zamewa, cikin giyar lafiya yake, ciwon na lantarki ne, kada kowa ya taɓa noti ɗaya na giyabos. Idan kuwa dole a buɗe kwanon ƙasa, maganaɗisun da ke ciki shi ne shaida. Laushin toka-toka kaɗan ba komai. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin gari mai yawa, to a gaya wa mai mota gaskiya, aikin ya wuce solonoyid.

Fijo ma ta dawo mana ta wata fuska. 406 da 307 da 206 masu giyar AL4 sun sa mutane da yawa sun rantse ba su ƙara sayen otomatik. Kana tafiya sai ka ji gum kamar an buga ka ta baya, alamar S da ta ƙanƙara su kama ƙyaftawa, mota ta tsaya a giya ta uku. Ka kashe ka tayar, ta warware, gobe ta maimaita. Mafi yawan lokaci solonoyid mai daidaita ƙarfin mai ne, yana nan a gaban giyar, ana kai masa hannu ba tare da an sauke komai ba. Giyar ba ta da sandar duba mai, sai an kai ta zafin digiri 60 a duba ta noti, kuma man da aka yi ta da shi LT 71141 ne. An zubar da AL4 masu yawa a ƙasar nan saboda rashin sanin waɗannan abubuwa uku.

Yau zamanin sauke giya a kan zato ya ƙare ko muna so ko ba ma so. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. A 2023 aka cire tallafin fetur aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Giyabos na Beljiyam ya zama abin da ma'aikaci zai haɗa albashin watanni kafin ya saya, kuma abin da ake kawowa ma sau da yawa ya gaji tun can. Ga kuma halin rashin tsaro da yankinmu ya shiga. Motar da ta maƙale a giya ɗaya da la'asar sakaliya a hanyar Safana ko Kankara, ko tsakanin Kurfi da Batsari, ba maganar kuɗi ba ce kawai, maganar rai ce. Bakaniken da ya goge lamba ya ce wa mutum “je ka, ta warke” alhali bai gano dalili ba, ya san hanyar da yake tura shi.

A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Yaran da suka saba duba komai a intanet suka tsaya cik, ba zanen waya, ba bidiyo, ba kiran mai kaya a Kano. Waɗanda suka ci gaba da aiki su ne masu ɗan littafi a aljihu, waɗanda suka rubuta lambobi da awon om da hannunsu, suka kuma san dalilin kowane gwaji. Tun daga lokacin duk yaron da ya shigo wurina, kafin sufana littafi nake fara ba shi.

Gwamnati ta taɓa yin yunƙuri. Ƙauyen koyon sana'a da aka buɗe a Katsina zamanin Gwamna Ibrahim Shema, ɗan garin nan, ya horar da matasa, hukumar kula da harkar motoci ta NADDC ma takan shirya wa kanikawa bita. Amma mafi yawan masu taɓa motocin Dutsin-Ma da Kurfi a ƙarƙashin bedi suka koya, kamar ni, kuma can ne ilimin ya kamata ya same su. Ina roƙon shugabanninmu na ƙungiyar kanikawa ta NATA su haɗa kuɗi a sayi sikana babba mai shiga birenbos ɗin giya, da ma'aunin ƙarfin mai, a ajiye a wuri guda kowa ya amfana, a kuma ware yini ɗaya a wata da manya da yara za su zauna a kan giyabos guda a buɗe.

Kai kuma mai mota, ranar da taka ta ƙi sauya giya, kada ka ci gaba da tafiya da ita kana cewa za ta warware. Kai ta wurin gyara, kuma kafin ka yarda a kwance noti ɗaya ka nemi a nuna maka launin manka, da lambar da na'ura ta fitar, da abin da mita ta auna a bakin giya da a bakin birenbos. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Wanda ya ji haushi, ɗauki motarka ka kai wa wani.